Dutse Mai Rami Shida: Labarin Ƙauyen Eyam

A kan wata 'yar hanyar ƙafa da ta ratsa makiyayar tumaki tsakanin ƙauyen Eyam da maƙwabcinsa Stoney Middleton, a gundumar Derbyshire ta ƙasar Ingila, akwai wani dutse da tsayinsa bai kai ƙugun mutum ba. Wanda bai san labarinsa ba zai wuce shi ko waiwaye babu. Sai an tsuguna a kansa ake ganin ramuka shida da aka huda a samansa, kowanne bai fi a zura yatsa ba. A shekarar 1666 ana cika ramukan nan da ruwan khal, mutanen Eyam su jefa kuɗinsu a ciki su ja da baya, mutanen waje su zo su ajiye burodi da sauran kayan masarufi, su tsame kuɗin su tafi. Ba musafaha, ba zaman ciniki. Mai saye da mai sayarwa suna hangen juna daga nesa, domin annoba na cikin ƙauyen, kuma ƙauyen ya yi alkawarin ba zai fitar da ita ba.

Sunan garin a rubuce Eyam ne, amma a baki "Iim" ake cewa. Yana cikin tsaunukan Peak District, tafiyar kilomita ashirin ko kusa da haka daga birnin Sheffield, kuma mutanensa a yau ba su cika dubu ba: ƙidayar 2011 ta samu 969. Titi ɗaya ne dogo, gidajen dutse jere a gefensa, sai coci a tsakiya, sai gonaki da aka yanka gida-gida da katangun dutse waɗanda aka ɗora ba siminti ba laka.

Tun kafin annoba garin ya daɗe da kafuwa. Littafin Domesday, wato ƙidayar ƙasa da dukiya da Sarki William ya sa aka yi a 1086, ya ambace shi da sunan Aiune. A harabar cocin St Lawrence akwai gicciyen dutse da ya girmi wannan ƙidaya da ɗaruruwan shekaru, aikin masassaƙan zamanin Anglo-Saxon, an zana masa mala'iku da reshen inabi mai murɗewa. Wani yanki na jikinsa ya ɓace, amma kansa na nan, abin da ba kasafai ake samu ba a irin waɗannan gicciye. Abin da ya zaunar da mutane a wurin kuwa abu biyu ne, ruwa da dalma. Ƙauyen ya faɗo daidai inda dutsen farar ƙasa ya haɗu da wani dutse mai tsauri na tudun arewa, don haka maɓuɓɓugan ruwa ke fitowa a gindin tudun. A 1588 aka jawo ruwan zuwa cikin komayen dutse da aka jera a gari, mutane na ɗiba, dabbobi na sha. Wasu daga cikin komayen suna nan har gobe.

Dalma ita ce abincin gari. Tun zamanin Rumawa ake haƙar ta a tsaunukan Derbyshire, kuma masu haƙar suna da dokokinsu da kotunsu na daban, wadda ake kira Barmote. A ƙarƙashin wannan tsohuwar al'ada, talaka na iya neman jijiyar dalma a filin wani ba tare da iznin mai fili ba, in dai ba a makabartar coci ba ne, ko kan babbar hanya, ko cikin lambu. In ya samu, ya biya rabon mai ƙasa da na coci, saura nasa. Wannan ya sa mutumin Eyam na ƙarni na goma sha bakwai ya zama mai ƙafa biyu: yana da 'yar gona da tumaki, yana kuma shiga rami. Irin mutanen da ba su saba a ba su umarni ba ke nan, kuma yana da kyau a riƙe wannan kafin a ji abin da suka yarda da shi daga baya.

A 1665 annoba ta mamaye Landan. Takardun birnin sun rubuta mutum 68,596 da ta kashe, masana kuma na ganin adadin gaskiya ya kusa dubu ɗari. A ƙarshen lokacin zafi na wannan shekara, kamar yadda labarin ya zo, wani ƙunshin yadi ya iso Eyam daga Landan, zuwa gidan tela Alexander Hadfield. Yaron aikinsa George Viccars ya kwance ƙunshin, ya ji yadin da danshi, ya shanya shi gaban murhu. Zafin wuta ya tayar da ƙumar da ke ciki. Kwanaki kaɗan zazzaɓi ya kwantar da shi, aka binne shi ranar 7 ga Satumba. Bayan mako biyu ɗan matar gidan, yaro ƙarami mai suna Edward Cooper, ya bi shi. Daga nan sai maƙwabta.

Mutum shida a Satumba, ashirin da uku a Oktoba.

Babu wanda ya san musabbabin ciwon a lokacin. Sai a 1894 Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong, bayan shekara huɗu kuma aka tabbatar cewa ƙumar ɓera ke ɗaukar ta. Abin da mutanen Eyam suka sani shi ne abin da idonsu ya gani: zazzaɓi mai zafi, kaluluwa a hammata ko matsematsi ko wuya, baƙaƙen tabo a fata, sannan mutuwa cikin 'yan kwanaki. Suna zargin gurɓatacciyar iska, suna zargin zunubansu. Da sanyin hunturu ya shigo mace-macen suka ragu, har zuwa watan Mayu na 1666 da aka binne mutum kaɗan ƙwarai, aka fara sa rai an tsira. Masu hali da dama dai ba su jira ba, sun riga sun kulle gidajensu sun bar gari. Da zafi ya dawo a watan Yuni, annoba ta dawo da ƙarfinta, ragowar jama'a su ma suka fara ɗaure kaya.

A nan ne tarihin ƙauyen ya ratsa ta hannun mutum biyu da ba sa ga maciji da juna.

Ingila ta fito ne daga yaƙin basasa wanda addini ke tsakiyarsa. An sare kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649, aka yi shekara goma sha ɗaya ba sarki, sannan aka dawo da ɗansa a 1660. Limamin cocin Eyam a zamanin da ba sarki shi ne Thomas Stanley, ɗan ɗariƙar Puritan, masu tsananta ibada da ƙin ado a coci. Da sarauta ta dawo aka sauke shi, dokar 1662 kuma ta raba shi da mumbari gaba ɗaya, tare da limamai wajen dubu biyu a faɗin ƙasar da suka ƙi amincewa da littafin addu'ar gwamnati. A 1664 aka turo sabon limami, William Mompesson, matashi da bai kai shekara talatin ba, baƙo a garin, tare da matarsa Catherine da 'ya'yansu biyu. Shi ke da muƙami. Amma zukatan mutane da yawa suna wajen tsohon malaminsu, wanda ke zaune a ƙauyen ba shi da ikon ko yin huɗuba.

Mompesson ya gane cewa in jama'a suka watse, za su kai cutar Sheffield da Bakewell da duk garin da ya karɓe su. Ya kuma gane cewa maganarsa shi kaɗai ba za ta tsayar da mai haƙar dalma da ya ga 'ya'yan maƙwabcinsa na mutuwa ba. Sai ya nemi Stanley. Abin da ya fi komai nauyi a labarin Eyam ke nan, kuma shi ne abin da aka fi saurin tsallakewa: wanda aka ba kujera ya je wajen wanda aka ƙwace wa ita, shi kuma wanda aka ƙwace wa bai ce ai ga ranar ramuwa ta zo ba. Suka tsaya gaban jama'a da murya ɗaya.

Abu uku aka amince da su a watan Yuni na 1666. Kowane gida zai binne mamacinsa da kansa, a gona ko bayan gida, ba jana'iza, ba kai gawa makabartar coci. Za a rufe cocin, a koma yin ibada a fili, a wani kwari mai suna Cucklett Delf, inda kowane iyali zai tsaya nesa da ɗan'uwansa, limami kuma ya yi wa'azi daga kan wani dutse mai kama da baka. Na uku shi ne mai ɗaci: an shata iyaka kewaye da gari, ba shiga ba fita, har sai cutar ta ƙare ko ta ƙarar da su.

Musulmin da ya ji wannan ba zai ji shi baƙon abu ba. Hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla, ya kuma hana wanda ke ciki fita, sananne ne, haka ma labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham a shekarar annobar Amwas, da Abu Ubaida da ya zauna tare da rundunarsa har ta ɗauke shi. Mutanen Eyam Kiristoci ne, ta hanyar imaninsu suka isa ga hukuncin, amma hukuncin iri ɗaya ne, nauyinsa a kan mai 'ya'ya ƙanana ma iri ɗaya ne.

Kulle ba ya yiwuwa da yunwa. Eyam ba ya noma abin da zai ci ya ƙoshi, don haka Mompesson ya rubuta wa basaraken yankin, Earl na Devonshire da ke zaune a Chatsworth, shi kuma ya ɗauki nauyin aiko da abinci da magani. Ba sai an ɓoye cewa shi ma yana kare gidansa ba ne, domin Chatsworth ba ta da nisa. Ana ajiye kaya a wuraren da aka ware a bakin iyaka: dutsen nan mai rami shida ta kudu, da wata rijiya ta arewa da yanzu ake kira Rijiyar Mompesson, inda ake barin kuɗi cikin ruwa mai gudu. Sun yi imani khal da ruwa na wanke cutar daga jikin kuɗi. Iliminsu bai cika ba, amma nisan da suka bari tsakaninsu da masu kawo kaya ya yi aikin da ake bukata.

Sai watannin zafi suka zo. Mutum 56 a Yuli. A Agusta, sama da saba'in.

A wani tudu da ke wajen gari, wurin da ake kira Riley, akwai gidan John Hancock. Tsakanin 3 da 10 ga Agusta, kwana takwas, matarsa Elizabeth ta binne shi, ta binne 'ya'yansu shida. Ita ta haƙa, ita ta jawo gawa, ita ta rufe. Ana ba da labari cewa mutanen Stoney Middleton suna hangen ta daga nasu tudun, ba mai iya matsowa. Duwatsun kaburburan suna nan a tsakiyar fili, an kewaye su da 'yar katanga. A kan babban titi kuwa, gidajen da cutar ta fara shiga suna nan da mutane a ciki, kowanne da allo a ƙofa mai ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu a ɗakunansa. Allon wani gida ya lissafa iyalin Thorpe, su tara, ba wanda ya saura. Mary, matar tela Hadfield, ta rayu, amma ta rasa 'ya'yanta maza biyu da mijinta.

Gidajen da ba sauran mai ƙarfin haƙa kabari, wani mai haƙar dalma ne, Marshall Howe, ke binne musu. Ya kamu ya warke, don haka yake ganin cutar ba za ta sake taɓa shi ba. Labarin baka ya ce yana biyan kansa da kayan mamatan. Matarsa da ɗansa ba su tsira ba.

Mompesson ma bai tsira da gidansa ba. Sun tura 'ya'yansu wajen dangi a Yorkshire, ya roƙi Catherine ta bi su, ta ƙi. Ta zauna tana bin sa gida-gida wajen marasa lafiya, ga shi dama ba ta da ƙoshin lafiya. Ta rasu a ƙarshen Agusta tana da shekara 27. Duk da yarjejeniyar binne mamata a gida, kabarinta na harabar coci, kusa da tsohon gicciyen. Wasiƙun da Mompesson ya rubuta a kwanakin nan sun tsira, ɗaya zuwa ga 'ya'yansa game da mahaifiyarsu, ɗaya zuwa ga ubangidansa Sir George Savile, wadda ya rubuta a matsayin mai bankwana da duniya. Stanley kuma yana zagayawa yana rubuta wa masu jinya wasiyya.

Ranar 1 ga Nuwamba 1666 aka binne Abraham Morten, shi ne na ƙarshe. Wata goma sha huɗu ke nan. Adadin da aka fi ambata shi ne mutum 260 daga iyali 76. Aka fito da tufafi da shimfiɗu aka ƙona, limami ya fara da nasa.

Mutum nawa ne a garin kafin annoba? William Wood, ɗan garin da ya wallafa tarihinsa a 1842, ya ce kusan 350, wanda ke nufin kashi uku cikin huɗu sun mutu. Masu binciken baya da suka bi rajistar coci da takardun haraji sun samu kusan 700 zuwa 800. Ko da wannan lissafi, mutum ɗaya cikin uku ya tafi, kason da ya fi na Landan. Wani nazari da Lilith Whittles da Xavier Didelot suka wallafa a 2016 ya bi sunayen mamatan gida-gida, ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na kamuwar daga mutum zuwa mutum ne, ba daga ɓera ba, kuma yara da talakawa sun fi shan wuya. Ma'anar wannan a fili take: zaman da suka yi wuri ɗaya ya ƙara musu mutuwa, kuma fitarsu da ta ɗauki cutar zuwa wasu garuruwa. Sheffield ba ta ga irin abin da Eyam ya gani ba.

Akwai masana tarihi, irin su Patrick Wallis, da suka yi gargaɗin cewa labarin da ake bayarwa yau an gyara masa fuska. Shaidun da aka rubuta a lokacin kaɗan ne. Zancen ƙunshin yadi ya shiga littafi ne a shekarun 1720 ta hannun likita Richard Mead, wanda ya ji daga ɗan Mompesson. Labarin Emmott Sydall da saurayinta Rowland Torre na Stoney Middleton, da suke hangen juna daga ɓangarori biyu na kwari har ranar da ba ta fito ba, marubutan ƙarni na goma sha tara ne suka raya shi. Kuma killace gari ba Eyam ya fara ba, hukumomin lokacin na tilasta shi a wurare da dama, maƙwabta ma da wuya su buɗe wa ɗan Eyam ƙofa ko da ya fito. Gargaɗin yana kan hanya. Amma bai rage komai daga rajistar coci ba, inda aka jera sunayen ɗaya bayan ɗaya, bai kuma canza cewa waɗanda suka zauna yawancinsu talakawa ne da ba su da wani gida a wani gari. Ko da zaɓinsu ƙunci ne, sun riƙe iyakar wata biyar suna binne 'ya'yansu. Wannan ya isa a girmama su ba tare da an ƙara gishiri ba.

Mompesson ya bar Eyam a 1669 ya koma Eakring a Nottinghamshire. Stanley ya mutu a ƙauyen a 1670. Tarihi ya fi ɗaukaka na farkon, amma wani malamin ɗariƙar Stanley, William Bagshaw, ya rubuta a 1702 cewa da wasu suka nemi a kori Stanley daga garin, basaraken Devonshire ya amsa musu cewa godiya ta fi dacewa da shi.

Abin mamaki shi ne saurin da gari ya miƙe. Shekara biyar ko shida bayan annoba, iyalin Wright suka gina katafaren gidan Eyam Hall a tsakiyar ƙauyen, zuriyarsu kuma ta riƙe shi sama da shekara ɗari uku. A gabansa, a dandali, turun da a da ake sa ƙafar masu ƙananan laifuka yana nan. A farkon ƙarni na goma sha takwas aka ci karo da jijiyar dalma mai kauri a tudun Eyam Edge, kuɗi ya shigo, har limancin cocin ya zama abin nema saboda rabon da yake samu. A 1742 aka haifi marubuciya Anna Seward a gidan limamin. A 1775 aka kafa agogon rana a bangon coci, wanda bayan lokacin gari yake nuna tsakar rana a wasu biranen duniya, har da Makka. Da dalma ta ja baya aka koma saƙar siliki da auduga, sannan ɗinkin takalma, inda ma'aikatan Eyam da Stoney Middleton, mata da yawa a cikinsu, suka shiga yajin aiki a 1918 kan albashi da sa'o'in aiki, yajin da ya kai har 1920. Tsofaffin ramukan dalma kuma aka koma cikinsu neman wani ma'adini, fluorspar, da masana'antar ƙarfe ke bukata. Ramin Ladywash ya rufe a 1979, dogon bututun hayaƙinsa na tsaye a kan tudu.

Yau baƙi ne ke riƙe da kasuwar ƙauyen. Gidan tarihi da aka buɗe a 1994 yana da siffar ɓera a kan rufinsa tana nuna inda iska ta dosa. A cikin coci akwai taga mai gilashi kala-kala da aka sa a 1985, da Mompesson a tsakiya yana wa'azi, da Viccars da yadinsa a gefe, akwai kuma littafin sunayen mamatan a buɗe. Littafin ƙirƙira na Geraldine Brooks, Year of Wonders, wanda ya fito a 2001, ya kai labarin ƙasashe da yawa. A 2020, da korona ta kulle duniya a ɗaka, 'yan jarida suka yi ta tururuwa zuwa Eyam suna tambayar jikokin waɗanda suka tsira, domin har yanzu akwai iyalai a yankin da ke jan nasabarsu zuwa gare su.

A ƙarshen Agusta ake bikin gari. Ana yi wa rijiyoyi ado irin na Derbyshire: a shafe allon katako da yumɓu, a manna furanni da iri da ganye ɗaya bayan ɗaya har hoto ya fito, a kafa shi a bakin ruwa ya yi mako guda kafin ya bushe ya tsage. Ranar Lahadin ƙarshe ta watan kuma jama'a na fitowa daga cocin St Lawrence a jere, su gangara Cucklett Delf, su yi ibada a fili a kan ciyawar da kakanninsu suka tsaya nesa da juna. A wannan rana ake ɗora jajayen furanni a kan kabarin Catherine Mompesson. Can kudu, a hanyar Stoney Middleton, masu yawon ƙafa kan tsaya a wajen dutsen, su laluba aljihu, su saka kwabo a ɗaya daga cikin ramukan shida, inda ruwan sama ne ke taruwa yanzu.